Ɗana yana da ƙafar baka, yatsunsa kuma ciki suke kallo in yana tafiya. In jira ko in kai shi asibiti?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan gida. Yarona watansa 19. Ya fara tafiya yana wata 11, amma tun da ya miƙe na lura ƙafafunsa sun ɗan lanƙwasa kamar baka, in ya haɗa idon sawu gwiwoyin ba sa taɓa juna. Ga shi in yana tafiya yatsun ƙafar ciki suke kallo, musamman in ya gaji ko yana sauri, sai ya harɗe ya faɗi. Ba ya kukan ciwo, wasa kuwa sai an kamo shi. Surukata ta ce laifina ne da nake tsayar da shi a cinya tun yana wata huɗu. Ƙanwata ta ce famfas ne ya buɗa masa ƙafa. Babansa ya ce in ƙyale yaro ya girma. Ni dai abin ya fara hana ni barci. Wanda ya taɓa gani don Allah ya ce wani abu.

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki. Bakwai na haifa, huɗu daga ciki haka suka fara, ɗaya ma har ana tsokanarsa wai ball za ta wuce ta tsakanin ƙafarsa. Yau shi ne ya fi kowa miƙaƙƙiyar ƙafa a gidan. Ban ba shi komai ba, ban ɗaura masa komai ba.

Abban 'Yan Biyu:
Ki saya masa takalmin gyaran ƙafa, irin mai taurin nan da yake kama idon sawu. Hassan ɗina ya sa na kusan shekara guda, yanzu ƙafarsa tas. Da idona na gani.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Malam Abban 'Yan Biyu, Husainin fa? Shi ma ya sa takalmin?

Abban 'Yan Biyu:
A'a, shi tasa ba ta kai ta Hassan ba, sai muka ƙyale shi.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Ta miƙe?

Abban 'Yan Biyu:
Ta miƙe mana. To, na ga inda kika dosa, Anti.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Ai ba don in kunyata ka ba ne, Malam. Kusan duk iyaye haka muke lissafi: an sa takalmi, ƙafa ta gyaru, sai a yaba wa takalmi, alhali lokaci ne ya yi aikin. Shekarun baya likitoci da kansu suna rubuta wa yara irin wannan takalmi, da ɗan tudun da ake sawa a cikinsa, har da wasu igiyoyi da ake ɗaurawa daga ƙugu zuwa ƙafa. Da aka zo aka gwada yaran da suka sa da waɗanda ba su sa ba, sai aka ga duk tafiyarsu ɗaya. Shi ya sa aka bari. Murɗawar a ƙashin ƙwauri ko na cinya take, takalmi kuwa a tafin ƙafa yake zaune, ina zai kai hannu can?

Maman Sadik, bari in faɗa miki yadda ƙafar yaro take tafiya bisa al'adarta. Jariri a dunƙule yake zama a ciki wata tara, ƙafafu a naɗe, don haka kusan kowane yaro da 'yar ƙafar baka ake haihuwarsa. Ba a cika lura ba sai ya tsaya. Tsakanin wata 18 zuwa shekara 2 take miƙewa. Daga nan kuma sai ta zarce ɗaya ɓangaren, gwiwoyi su riƙa haɗuwa idon sawu ya rabu, abin ya fi fitowa a shekara 3 zuwa 4. Wajen shekara 7 sai ta zauna a yadda za ta kasance har girma. Iyaye da yawa sau biyu suke tsorata a kan yaro ɗaya.

Malam Mai Alli:
A yi mini afuwa in ɗan yi gyaran harshe, aikina ne. Na ga a wasu wurare ana kiran duka biyun gwame. Gwame shi ne wanda gwiwoyi ke karo da juna. Wanda gwiwoyi suka yi nesa da juna shi ne ƙafar baka. In muka cakuɗa su, sai uwa ta je asibiti ta faɗi wani abu, likita ya fahimci wani.

Maman Ilham:
Malam mu dai a wajenmu duk gwame muke cewa, kuma ana gane mu.

Malam Mai Alli:
Ana gane ku saboda yaron yana tsaye a gabansu, Hajiya. A nan rubutu muke yi.

Maman Nana:
Ni fa ina karanta "ƙyale shi zai miƙe" ɗin nan raina yana ɓaci, ku yi haƙuri. Haka aka yi ta faɗa mini a kan 'yata. Tana shekara 2 ƙafar ba ta miƙe ba, aka ce jira. Shekara biyu da rabi abin ƙaruwa yake, aka ce gado ne, kakanta ma haka yake. Yarinya ba ta son tafiya, ta yi taku kaɗan ta zauna ta miƙo hannu a ɗauke ta, muna ce mata raguwa. Wuyan hannunta ya yi kauri kamar an sa mata awarwaro a ƙarƙashin fata, ban san alama ce ba. Sai da ta kusa shekara 3 wata ma'aikaciyar jinya ta gan ta a wajen allurar ƙanenta, ta kama hannun ta duba, ta ce in je a yi mata hoton ƙashi da gwajin jini. Riket ce, ciwon laushin ƙashi. Shekara guda cur na zauna ina jira saboda kowa yana cewa ba komai. Hajiya Kaka, da girmanki, amma 'ya'yanki sa'a suka yi, ba kowa ne ke yin ta ba.

Hajiya Kaka:
Allah sarki. Allah ya ƙara mata lafiya. Ni abin da na gani na faɗa 'yata, ban ce kowa haka zai kasance ba. Yanzu yaya jikin nata?

Maman Nana:
Alhamdu lillahi Hajiya. An ɗora ta a kan bitamin D da kalsiyam, cikin 'yan makonni ta fara guje-guje, ashe ciwo ne yake hana ta. Ƙafar dai ta fi shekara tana miƙewa a hankali. Ba a yi mata aiki ba.

Likitan Yara:
Na jima ina bin zancen, bari in sa baki. Hajiya Kaka da Maman Nana duk gaskiya suka faɗa, yara biyu daban suke magana a kai. Abin da ya kamata uwa ta iya shi ne bambance su, kuma ba sai da na'ura ba.

Ƙafar baka ta girma tana kama ƙafafu biyu daidai wa daida, ba ta da ciwo, yaro yana tsayi kamar sa'o'insa, kuma in kin duba bayan wata uku ko huɗu za ki ga ta ragu ko da kaɗan ne. Wadda take ba ni tsoro ita ce wadda ta fi yawa a ƙafa ɗaya, ko take ƙaruwa bayan shekara 2, ko ta zo da ɗingishi, ko yaron gajere ne ƙwarai a kan shekarunsa. 'Yar Maman Nana ta nuna alamun matsala tun da wuri, ba a samu wanda ya tambaya ba ne.

Ita riket, ƙashin yaro mai girma ne ba ya samun sinadaran kalsiyam da fosfet da zai taurara, sai ya yi laushi, nauyin jiki ya lanƙwasa shi. Ban da kaurin wuyan hannu, akwai ƙulle-ƙulle a jere a gaban ƙirji inda haƙarƙari ke haɗuwa da guringuntsi, kamar carbi. Maɗiga takan jima ba ta rufe ba, haƙora su makara, yaro ya makara wajen tafiya.

Maman Ilham:
Likita ni abin da ban gane ba, an ce rana ce ke ba da bitamin D. To wanda yake zaune inda rana take kamar ta gasa mutum, ta yaya ɗansa zai rasa?

Likitan Yara:
Hanya biyu, Hajiya. Ta farko, ranar tana waje, yaron yana ɗaki. Hasken da fata ke buƙata ba ya ratsa gilashin taga, ba ya ratsa tufa, kuma baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta haɗa adadi ɗaya. Nonon uwa, duk albarkarsa, bitamin D ɗinsa kaɗan ne, ballantana in ita uwar ma tana da ƙarancinsa. Shi ya sa a ƙasashe da dama ake ba jariri mai shan nono ɗigon bitamin D, awo 400 (IU, ma'aunin bitamin) a rana, har ya shekara.

Ta biyu ita mutane suka fi mantawa. Yaro yana iya samun rana sosai amma kalsiyam ɗin ne babu a abincinsa. An yaye shi, an koma ba shi hatsi zalla, madara ta yanke. Bitamin D aikinsa ya taimaki hanji ya tsotsi kalsiyam. In babu abin tsotsa fa? Wannan ma riket yake kawowa, kuma a ƙasashe masu rana shi ne babban dalili a wurare da yawa.

Abban 'Yan Biyu:
To ai sai kowa ya sayi bitamin ɗin ya ba yaransa a huta.

Likitan Yara:
Ɗigon rigakafi na jarirai daban, awon magani daban. Kada ka sayi mai ƙarfi ka riƙa ɗura wa yaro don ka ga ƙafarsa ta karkace. Bitamin D ba irin wanda jiki ke zubarwa a fitsari ba ne, taruwa yake, in ya yi yawa ya ɗaga kalsiyam na jini ya taɓa ƙoda. Sannan akwai riket ta gado, wadda ƙoda ke zubar da fosfet, wannan ko kwalba nawa aka sha na gama-gari ba za ta ji ba. Gwajin jini ne ke raba su. Ta ƙarancin abinci ana yi mata magani aƙalla wata uku, bitamin D haɗe da kalsiyam.

Maman Sadik:
Likita na duba wuyan hannunsa yanzu yana barci, ban ga kauri ba. Madara kuma yana sha. Amma wata ta turo mini saƙo a gefe wai yaron da ya yi saurin tafiya shi ke kamuwa da wata cuta Blount. Nawa wata 11 ya tashi, kuma ba laifi yana da jiki. Gabana ya sake faɗuwa.

Likitan Yara:
Masu saƙon gefe, Allah ya shirye ku, ku riƙa faɗa a fili a gyara. Eh, akwai ta. Wani likitan ƙashi ɗan Amurka, Walter Blount, shi ya yi bayaninta a 1937 aka sa mata sunansa. A saman ƙashin ƙwauri, dab da gwiwa, akwai wurin da ƙashi ke tsiro. In ɓangaren ciki na wurin ya danne ya rage girma, na waje kuma ya ci gaba, sai ƙafa ta riƙa lanƙwasa tana ƙaruwa. An fi ganinta ga yaran da suka tashi da wuri, masu ƙiba, kuma ta fi yawa ga baƙar fata. Amma ki lura, yaran da suka yi tafiya a wata 11 ba su ƙirguwa, 'yan kaɗan ne cikinsu ke samunta. Wata 11 ma ba wani saurin a zo a gani ba ne.

Lanƙwasar Blount a ƙasan gwiwa take karyewa lokaci guda, ba ta bi ƙafar gaba ɗaya a hankali kamar baka, sau da yawa kuma ƙafa ɗaya ta fi. Wani yaron in ya taka za ki ga gwiwar ta yi tsalle waje. Kafin shekara 2 ko hoto aka ɗauka da wuya a raba ta da ta girma, don haka kada ki yi mamaki in likita ya ƙi yin hoto yanzu ya ce ki dawo. Ba sakaci ba ne. Abin da ba a so shi ne a wuce shekara 3 ba a duba ba, domin ƙarfen tallafi a ƙananan shekaru yake da amfani, in an makara sai aiki, aikin ma ya fi kyau kafin shekara 4.

Ga abin da za ki yi a gida. Ki tsayar da shi ba wando, ƙoƙon gwiwa yana kallon gaba, idon sawu a haɗe, ki auna tsakanin gwiwoyin da tef ɗin tela. In ya haura santimita 6 a kai shi a duba. Ki ɗauki hoto a waya daga gaba, ki rubuta kwanan wata, ki sake bayan wata uku a wuri ɗaya. Idon uwa da ke ganin yaro kullum ba ya kama canji, hoto yana kamawa.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Mun bar maganar yatsun da ke kallon ciki a baya, ita ce ma ke kayar da shi. Wuri uku take fitowa, kuma kowanne da shekarunsa.

A jariri, tafin ƙafar ne da kansa: gabansa ya karkata ciki, in kin kalle shi ta ƙasa kamar ƙwayar wake. In kika tura da yatsa a hankali ya miƙe ba gardama, yawanci kafin shekara guda ya gyaru. In ya ƙi motsi, a nuna wa likita, wani sai an sa masa filasta.

A shekarun Sadik, daga 1 zuwa 3, kusan kullum ƙwauri ne ya ɗan murɗe ciki. Ki kalli ƙoƙon gwiwarsa yana tafiya. In ƙoƙon yana kallon gaba, ƙafar ce kawai ta juya, to ƙwauri ne. Wannan murɗawar ita ke sa ƙafar baka ta fi fitowa a ido fiye da yadda take a gaskiya. Yawanci kafin shiga firamare ta warware.

Na ukun daga cinya yake, ya fi bayyana a shekara 3 zuwa 6, kuma ya fi kama 'ya'ya mata. A nan ƙoƙon gwiwar ma ciki yake kallo, kamar suna gaisawa. Kan ƙashin cinya ana haihuwar yaro da shi a juye gaba kamar digiri 30 zuwa 40, yana raguwa a hankali har ya koma wajen 15 a babba. Wasu nasu yana jinkiri, sai shekara 8 zuwa 10. Aiki ba a ma maganarsa kafin wannan shekarun, kuma sai in abin ya yi tsanani har yana hana yaro harkarsa, wanda da wuya ake gani.

Maman Ilham:
Wannan na ukun Ilham ce sak. Shekararta 5. In za ta zauna sai ta durƙusa ta baje ƙafafu gefe da gefe ta zauna a tsakaninsu kamar harafin W. In tana gudu ƙafafun baya suna watsawa gefe. Kullum faɗa nake mata ta gyara zama, har ta fara jin haushina.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Tana zaman ne don shi ya fi mata sauƙi, ƙugunta ya fi juyawa ta can. Ki ce ta tanƙwashe ƙafa ki ga yadda za ta sha wuya. Mu kanmu a wajen aiki ba bakinmu ɗaya ba: wasu na cewa a hana, wasu na cewa a bari. Ni dai ban ga hujjar da ta nuna zaman ne ke kawo murɗawar ba. Ki ba ta 'yar kujera in tana zane ko cin abinci, ki bar faɗan. Abin da na fi tsoro shi ne yarinya ta tashi tana jin akwai aibu a tafiyarta saboda kullum ana nuna ƙafarta a gaban baƙi.

Baban Jariri:
Ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Kwana 12 da aka haifa mana yaro, ƙafarsa ta dama a naɗe take, tafin yana kallon ciki da sama, diddigen a ɗage. Ba ta miƙuwa ko an taɓa. Na karanta abin da kuka rubuta na ji sanyi, ke nan in jira ya shekara?

Likitan Yara:
A'a Malam, kada ka jira. Allah ya raya, amma naka ba ya cikin waɗanda ake jira. Yadda ka kwatanta, tauri da ɗagaggen diddige, ya yi kama da naɗaɗɗiyar ƙafa ta haihuwa, wadda ke samun kamar jariri 1 cikin 1,000. Ba ta gyaruwa da kanta, amma tana da magani mai kyau in an fara a makonnin farko, lokacin da jijiyoyi ke da taushi. Hanyar Ponseti ake ce mata, sunan likitan da ya tsara ta a Jami'ar Iowa ta Amurka, Ignacio Ponseti. Kowane mako ana lallaba ƙafar a ɗan juya ta a sa filasta har cinya, kamar sau 5 zuwa 8. Yawancin yara sai an ɗan yanka jijiyar diddige, ƙaramin abu ne. Bayan nan sai takalma biyu da sandar ƙarfe ta haɗa su, awa 23 a rana na wata uku, sannan lokacin barci kawai har shekara 4 ko 5. A wajen takalmin nan iyaye ke gajiya su ajiye, ƙafar kuma ta koma. Ka kai shi asibitin da ke da sashen ƙashi cikin makon nan, kuma ka ce a duba ƙugunsa da bayansa.

Abban 'Yan Biyu:
Ato, ashe dai akwai inda takalmi ke aiki. Anti kin ji ko?

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Na ji Malam. Wancan likita ne ke aunawa bayan filasta ta gama gyara, aikinsa riƙewa. Naka na Hassan ado ne mai tsada.

Baban Jariri:
Na gode ƙwarai. Gobe in Allah ya kai mu za mu je.

Likitan Yara:
Abu ɗaya da ban faɗa ba. Yaron da yatsunsa ke kallon ciki a ƙafa ɗaya kawai, ga tauri a jiki, yana tafiya da kan yatsu, ko ya makara a zama da tsayuwa, ko an sha wuya wajen haihuwarsa, wannan ba ƙashi kaɗai ake dubawa ba, har da ƙwaƙwalwa da jijiya. Haka yaron da dā yake tafiya lafiya sai ya fara faɗuwa fiye da dā.

Maman Sadik:
Na dawo da labari. Mun je jiya. Likitar ta sa shi ya yi ta zirga-zirga a baranda tana kallo, ta kwantar da shi rub da ciki ta lanƙwasa gwiwoyin tana juya ƙafafun, ta auna tsayinsa da nauyinsa, ta latsa wuyan hannu da ƙirji. Tsakanin gwiwoyin santimita 4. Ta ce ƙwauri ne ya murɗe, ƙafafun biyu daidai suke, ba hoto ba magani, mu dawo bayan wata huɗu da hotunan waya. Na tambaye ta maganar tsayar da shi a cinya da ta famfas, ta yi dariya ta ce babu ɗaya. Ta ce in bar shi ya yi yawo ba takalmi a inda babu abin da zai soke shi, in za a fita kuma a sa masa mai laushi.

Maman Nana:
Madalla. Ki dai koma ranar da ta ce, ko kin ga kamar ya miƙe.

Maman Sadik:
In sha Allah Yaya, na sa a waya. Matsalata yanzu surukata ce. Da safe na tarar ta sa masa takalmi a juye, na dama a hagu, na hagu a dama, wai haka ake tilasta ƙafa ta kalli waje. Ya faɗi sau uku kafin ya kai ƙofa.

Hajiya Kaka:
Kada ki yi musu da ita 'yata. Ki ce likita ta ce a cire masa takalmi gaba ɗaya a cikin gida, ai kin ga babu abin da za a juya. In ta matsa, ki tura babansa, uwarsa ce.